Ɗakin da Ya Gagare Ka

Assalamu alaikum, Yaya Isyaku.

Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya haskaka kabarinka. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko kana raye ma ba lallai ka karanta ba, tunda ni na rubuta.

Jiya aka yi sadakar arba'in ɗinka. Inna ta fara cin abinci kaɗan-kaɗan. An gyara mashin ɗin da ya kayar da kai a hanyar Kaboji, wai yana tafiya lafiya lau, ka ji abin takaici. Kawu Garba ya zo daga Nasko, ya tsaya a tsakar gida ya yi mana wa'azi a kan gem ɗinka na talabijin, wai kayan shaiɗan ne. Da ya gama sai ya ce ranar Asabar zai tafi da shi, don kada ya lalata mu. 'Ya'yansa maza huɗu ne, Yaya. Su ba sa lalacewa ke nan? Gobe ce Asabar ɗin.

Amma ba haushin Kawu na fi ji ba, naka ne. Shekara biyu gem ɗin nan yana jone da talabijin ɗin Baba, ba ka taɓa miƙo mini hannunsa ba. Abokanka su cika falo da warin ƙafa, su yi ta kashe maka ɗan mutumin nan mai hula, na cikin gem ɗin, wanda ke dasa bulo yana fasa bulo har ya ɗauki makulli ya fice zuwa ɗaki na gaba. Ni kuwa sai bakin ƙofa, faifai a cinya, ina tsintar wake. In na matso ka ce hannuna da manja. Yaushe ka taɓa ganin manja a ɗanyen wake?

Ɗaki na ashirin da tara ya gagare ka wata biyar. Gem ɗin ba ya riƙe inda aka tsaya, da an ɗauke wuta sai a koma ɗaki na ɗaya. Ka sayi littafin lissafi mai gida-gida kana zana ɗakunan, shafin wannan ɗakin ya sha gogewa har ya huje. Ka cika kowa da cewa shi ne na ƙarshe.

To, ga abin da na ɓoye maka. Tun kafin azumi na san hanyar. A faifai na gano ta: wake ne bulo, tsakuwa ce dodo, ƙwayar masara makulli. Kai kullum sama kake nufa saboda makullin na sama, dodon ya tare ka. Ba hawa ake fara yi ba. Bulon da kake tsaye a kai za ka fasa, ka faɗo, dodon ya biyo ka, ka toshe shi da bulo ɗaya, sannan ka hau abinka. Ina kallo kana ta cizon yatsa na yi gum, don na ƙudura sai ka roƙe ni a gaban abokanka. Ranar da za ka tafi sayen gyaɗa ka kama ni ina murmushi, ka tambaye ni dalili, na ce ba komai. Ina zan san ba za ka dawo ba? Kai ma me ya hana ka sake tambaya?

Wani abin kuma, nakan saci jiki in kunna gem ɗin in ba ka nan, in yi ɗaki goma in kashe. Yau da hantsi, da Kawu ya fita kasuwa, na hura kaset ɗin yadda kake yi, na buɗe littafinka a gabana. Wuta ta yi mini mutunci har la'asar. Inna ta shigo ta zauna a bayana. Na fasa bulon, na faɗo, na toshe dodon, na ɗauki makulli. Ƙofar ta buɗe, Yaya.

Ba na ƙarshe ba ne. Akwai na talatin, kuma ya fi wancan mugunta. Ni ga dabara, amma yatsuna ba su da saurin naka, nan take rayuka ukun da gem ɗin ya ba ni suka ƙare. Da ka ba ni wuri kusa da kai, da tuni mun wuce shi. Rowarka da taurin kaina suka ja mana wannan, kuma kai ka tafi ka bar ni da baƙin cikin ni kaɗai.

Kawu ya ɗauki gem ɗin in ya so, littafin dai ba zai gan shi ba. Na zana maka hanyar a gefen hujin nan. Na zana na talatin ma, na bar shi haka, ban san mafitarsa ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa ka huta. Ban huce ba tukuna, amma na yafe maka. Kai ma ka yafe mini.

Ƙanwarka mai manja a hannu,
Asabe