Ni a Ganina

Albarika, Paraku
9 ga Disamba, 2002

Zuwa ga Yayata Ummuhani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mutanen Jugu baki ɗaya. Ya ƙafar taki? Fati da yara suna gaishe ki.

Yaya, ke kika matsa mini in nemi hutun aiki a Gar, tashar jirgin ƙasa, in shiga jami'a, to ga labari. Yaran ajinmu sa'o'in 'yata Salamatu ne. Papa suke ce mini, suna bar mini kujerar gaba. Wannan bai dame ni ba.

Malamin shari'a ya yi mana gwaji a aji: shin dokar da mutane suka daina bi, har yanzu doka ce? Dama na haddace babi uku, irin haddar da Baba ya koya mana. Na zuba shafi shida, ko ɗigo ban sauya ba. Ya ba ni biyu cikin ashirin, ya kuma kira ni ofis, don ya zaci littafi na ɓoye na kwafa. Na rufe ido na karanto masa da ka. Sai ya kira ni Mushe, wato Malam da Faransanci, ya ce, "Mushe Dalhatu, na yarda ba ka yi maguɗi ba. Amma littafin nan ina da shi a gida. Kai nake nema a takardar, ban gan ka ba."

Idan ban ci shekarar nan ba, siton tashar zan koma, ba kuma za a sake ba ni hutu ba. Ke da kika yi shekara talatin kina koyarwa a lekol, makarantar boko, me mutumin nan yake so da ni?

Ki huta lafiya.
Ƙanenki, Dalhatu


Jugu
20 ga Disamba, 2002

Dalhatu,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi. Ka gaishe mini da Fati.

Malaminka yana da gaskiya, kada ka yi fushi. A makarantar Baba, wanda ya mayar da karatu yadda aka ba shi shi ne gwani. A jami'a sai ka karanta, ka rufe littafin, ka yi musu da shi. Sayi sabon littafin rubutu. Kowace Juma'a ka cika shafi ɗaya kan abin da aka koya muku, ka fara da "ni a ganina", ka kawo dalili biyu, ka kuma faɗi abin da mai ja da kai zai ce. Ka aiko mini, jan birona bai bushe ba. Kuma ka daina zama kai kaɗai a gaba kamar liman. Shiga cikin yaran, ka ji yadda suke gardama ba kunya.

Amma bari in tambaye ka. Yaushe rabon da in ji ra'ayinka kan wani abu? Sunan 'ya'yanka ma sai da aka zaɓa maka. Alhali kana yaro kai ne sarkin musu a gidanmu, har Inna takan kore ka daga gindin murhu.

Ina jiran shafin farko.
Yayarka, Ummuhani


Albarika
2 ga Maris, 2003

Yaya,

Assalamu alaikum, da fatan an yi sallah lafiya. Ki gafarce ni da shirun wata biyu. Na sayi littafin. Na rubuta kalmomin nan uku a kan shafi tara, ban iya ƙara ko harafi ba.

Tun da na fara, ina ganin marigayi Yaya Talle. Da rana tsaka, a babban ɗakin karatu, can a layin ƙarshe. Rigarsa a jiƙe, makullin mota a hannunsa. Ba ya cewa komai, kallona kawai yake kamar mai jiran amsa. In na sake waiwayawa sai in ga wani yaro ne da jakarsa, amma warin laka yakan bi ni har gida.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Kin san a daminar 1974, bayan na ci bak, jarrabawar gama sakandare, shi ya ɗauko ni daga Jugu a motar goro don in kama jirgin ƙasa na Kwatano a Paraku in yi rajistar jami'a. Kin san ruwa ya shafe gada, mota ta kife, ni na fita shi bai fita ba. Abin da ba ki sani ba, da muka iso bakin ruwan ya tsaya, ya kashe mota. Ya ce, "Ɗan boko, me ka gani? Mu jira ko mu wuce?" Ni kuwa jirgin safe nake tunani. Na sauka na dubi turakun gefen gada, na dawo na ce masa, "Ni a ganina ba zai kai inji ba. Mu wuce." Ya yi dariya ya tayar da mota.

Shi ya sa ban hau jirgin ba daga baya. Na nemi aiki a tashar, shekara ashirin da takwas ina kallonsa yana tashi. Ina ganin gara in ajiye karatun nan, Yaya. Ki yafe mini. Kada matarsa Zinatu ta ji, ta riga ta sha takabarsa sau ɗaya.

Ƙanenki, Dalhatu


Jugu
11 ga Maris, 2003

Ɗan Inna,

Amin, wa alaikumus salam. Na karanta takardarka sau uku, na wanke fuska, ga amsa.

Mun sani, Dalhatu. Alhaji Usuman mai goron yana bayan motar, ya ji komai kafin ya sauka ya ce shi da ƙafa zai jira. Shi ya faɗa wa Inna ranar sadakar uku, ina zaune, Zinatu ma tana zaune. Inna ta ce duk wanda ya tayar maka da zancen, ba ta yafe ba. Muka yi shiru don mu kare ka. Ban taɓa zaton kai ma shirun kake ɗauke da shi, kana tsammanin kai kaɗai ka sani ba. Da ta rasu ya kamata in buɗe baki, sai na ji tsoro. Wannan laifina ne.

Ba zan ce maka ba ka faɗi maganar ba. Ka faɗa, kuma ba daidai ba ce. Amma shekararka sha tara, ba ka taɓa riƙe sitiyari ba. Shi kuwa shekara shida yana bin hanyar nan, ya san ruwan fiye da kai. Ku biyu kuka yi kuskure, ajali kuma ya zo.

Na karya umarninka, na karanta wa Zinatu. Ta yi kuka, sannan ta ce in gaya maka Talle ya sayi sabuwar hula don ranar da za ka gama jami'a, tana nan a akwatinta.

Ba za ka ajiye komai ba. In ka sake ganinsa, ka karanta masa Ƙulhuwallahu, ka juyo ka dubi allo. Shafina na Juma'a fa?

Yayarka, Ummuhani


Albarika
30 ga Yuni, 2003

Yaya,

Assalamu alaikum. Na gode da gyaran shafi goma sha huɗun nan, ko da yake jan bironki ya fi baƙina yawa.

Sakamako ya fito. An tambaye mu wa ke da alhaki in kaya suka lalace a hanya. Na rubuta abin da na gani, da dalilaina. Tara cikin ashirin na samu, sai na sake zama jarrabawar a Satumba. Malamin ya ce hukuncin da na yanke kuskure ne, amma an bi hanya, kuma nawa ne.

Da na fito daga ofishinsa ban wuce gida ba. Na zauna a dakali, ina jiran a zo a ce mini wani abu ya faru, tun da na sake faɗin ra'ayina. Har aka kira la'asar ba wanda ya zo. Sai na tashi na yi alwala.

Ki gaishe da Zinatu.
Ƙanenki, Dalhatu