Gashin Otis Ya Hana Ni Ɗaukar Jikata

Anti Darlene,

Don Allah ki taimake ni, kada ki ture wasiƙar nan gefe don kin ga maganar kare ce. Sau uku ina rubutawa ina yagewa. Ni da na shekara talatin da ɗaya ina kai wa mutane wasiƙunsu, ashe rubuta guda ɗaya ta fi ƙarfina.

Tambayata ita ce yadda ake cire gashin kare daga kujerun mota da kafet. Amma bari in faɗa miki yadda aka yi tukuna.

Da na yi ritaya daga gidan waya ban sayar da tsohuwar jif ɗina ba, irin tamu ta masu raba wasiƙu a ƙauyuka, mai sitiyari a dama. A shekarar na ɗauko Otis daga gidan ajiyar karnuka, fari ne, ƙato, gashi kamar tunkiya. Tun ranar farko ya haye kujerar hagu ya kafa ƙirji, wato inda kowa ya saba ganin direba. Kin san mutanenmu, ba a wuce mota ba a ɗaga hannu ba. To shekara goma sha ɗaya duk garin nan Otis suke ɗaga wa hannu, ni ko oho. Vern mai gidan mai kullum sai ya leƙo ta tagar hagu ya tambayi kare ko a cika tanki, ya ƙara da cewa ya fi wannan tsohon na gefensa iya tuƙi.

A watan Afrilu ƙafafun Otis na baya suka daina ɗaukarsa. Ni na kai shi wurin likitan dabbobi, can ya mutu, ni kaɗai na dawo. Har yau mutane suna ɗaga hannu wajen kujerar hagu, sai su tuna, su sauke hannun a hankali kamar sun yi laifi. Wallahi gara su daina.

Wata ɗaya bayan haka 'yata Corinne ta dawo daga Arizona bayan aurenta ya mutu, da 'yarta Hattie mai shekara bakwai. Suna zaune mil arba'in daga gidana. Corinne tana aiki ran Asabar, sai ya zama ni nake zuwa in ɗauki Hattie, mu ci fankek, wainar fulawa, mu je bakin tafki ta yi ta jifan ruwa da duwatsu tana ba ni labarin da ba kai ba gindi. Tun rasuwar matata ban yi dariya irin ta watannin nan ba. Takan yi atishawa a mota, idonta ya yi ja, muka ɗauka ƙurar ciyawa ce, tunda duk bazara gilashi a sauke muke tafiya.

Ranar da sanyi ya fara sauka, ƙarshen Satumba, na ɗaga gilasai na kunna hita don motar ta yi ɗumi. Anti, sai ga farin gashi yana fitowa daga ramukan iska, yana yawo a gabana cikin hasken safiya, har da warinsa, warin jiƙaƙƙen kare da a da nake ƙorafi a kai. Ban kashe hitar ba. Ƙara ta ma na yi. Ina can ina shaƙa, hawaye na zuba, ban ji lokacin da numfashin yarinyar ya fara shaƙewa a kujerar baya ba, sai da ta taɓa kafaɗata. A asibiti muka ƙare. Likita ya ce asma ce, kuma jikinta ba ya jituwa da kare.

Corinne ba ta yi mini ihu ba, da ma ta yi. Cewa ta yi Hattie ba za ta sake shiga motar nan ba sai an tsabtace ta tas, kuma in yi haƙuri amma kare kare ne. Wannan kalmar har yau ban manta ta ba.

Ga abin kunyar. Na gaya mata na gwada komai gashin ya ƙi fita. Rabin gaskiya ne. Gashin ya soke cikin kafet kamar allura, injin zuƙe ƙura na wurin wankin mota yana bi ta kansa ya bar shi. Amma sau uku da na je, gefena kawai na share. Da na kai bakin injin kan kujerar hagu sai hannuna ya ƙi. Wurin da Otis yake kwantar da haɓarsa a jikin ƙofa har yanzu akwai shaida. In na share, me ya rage?

Asabar shida ke nan ban ɗauki Hattie ba. Ba ni da wata motar. Tana kira na a waya tana tambaya ko jif ɗin ta warke, don haka uwarta ta gaya mata, wai motar Kaka ba ta da lafiya. Ina kewar yarinyar nan kamar raina zai fita, ina kewar karen nan haka. Ki gaya mini yadda zan yi.

Tsohon Mai Raba Wasiƙu, arewacin Minnesota

*

Baba Mai Wasiƙu,

Sannu da rashi. Shekara goma sha ɗaya a mota ɗaya ba wasa ba ce, kuma ba zan ce maka kare kare ne ba. Corinne ta yi kuskuren kalma. Amma ka tuna wadda ta faɗa uwa ce da ta iske 'yarta a gadon asibiti da abin numfashi a fuska. Sharaɗinta daidai ne, ko ni ce haka zan yi.

Kafin ka taɓa komai, ɗauki wayarka ka yi wa kujerar hoto, da wurin haɓar nan. Ka tsinci gashin da ya cika tafin hannu ka rufe a ƙaramar kwalba mai murfi, ka ajiye a ɗakinka inda Hattie ba ta zuwa. Wannan naka ne, ba mai tambayarka dalili.

Sannan aiki. Buɗe ƙofofi duka, ka fitar da tabarmin ƙafa. Sa safar hannu ta roba irin ta wanke-wanke, ka ɗan jiƙa ta, ka riƙa shafa kujera ta fuska ɗaya. Gashin zai dunƙule ka kwashe. Kafet kuwa ka yayyafa masa ruwa kaɗan, ka ja shi da robar share gilashi. Inda ya soke ya ƙi, dutsen goge kaushi yana tayar da shi, amma a hankali, kuma kada ya taɓa fatar kujera ko robar jikin mota. Sai bayan haka injin zuƙe ƙura zai yi amfani. Kada ka fesa wani abu mai ƙamshi, ƙirjin mai asma ba ya so.

Ka sani ba gashin kaɗai ke tayar mata da ciwo ba, har da amosanin fatarsa da busasshen yawu, waɗanda ido ba ya gani. Don haka ka kai wa makanike ya canja matatar iskar cikin mota in tana da ita, ya busa bututun hita, sannan masu wankin ciki su bi kujeru da rufi da tururi. In an gama, Corinne ta tambayi likitan yarinyar, ku fara da gajeriyar tafiya, maganin shaƙarta a kusa. Daga nan kada wani kare ya sake shiga motar, ko na maƙwabci ne, ko da an shimfiɗa bargo.

Kujerar hagu kuwa, in hannunka ya sake ƙi, ba dole sai kai ba. Kira Corinne ka gaya mata gaskiyar da ka gaya mini, ka roƙe ta ta zo ta yi maka wannan gefen. Ina zaton za ta zo da safar hannunta, kuma za ta janye kalmar nan ba sai ka nema ba.

Abu ɗaya nake so ka riƙe, Baba. Kewar Otis za ta jira ka, ko shekara goma ka yi tana nan inda ka bar ta. Yarinya mai shekara bakwai ba ta jira. Nan da shekara huɗu ko biyar za ta sami ƙawaye da wasanninta, ka kira ta ce maka tana da abin yi ran Asabar. Yanzu ne take son zuwa. Kada Asabar ta bakwai ta wuce ka.

Allah ya ba Hattie lafiya, ya sanyaya maka zuciya, ya kai ku bakin tafki kafin ruwan ya daskare.

Anti Darlene