Haƙurin da Kafinta Zai Ba Surukarsa

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ɗalibanki masu surutu.

Alfarma nake nema. Kin san matar ɗana marigayi Turanci take ji, ba ta jin namu. Wata bakwai ke nan da rasuwarsa, jikokina biyu kuwa ban taɓa ɗora ido a kansu ba sai a hoton da kika ba ni. Ina so in ba ta haƙuri, ko ta kawo mini su. Ni "sori" kaɗai na sani, shi ma a bakin direbobi na tsince shi. Ki aiko mini da kalma mai nauyi, in kwafa da hannuna.

Yayanki

*

Yaya,

Na amsa gaisuwa. Yau kuma Turancin da ka ce ɓata lokaci ne ya yi rana?

Kalmomin suna da yawa. Akwai ta wanda ya taka ƙafar wani a layi. Akwai ta ofis, wadda ake bugawa a takarda ba tare da an ji komai ba. Akwai ta mai da-na-sani, akwai ta wanda laifi ke cin ransa, akwai ta wanda kunya ta hana shi ɗaga kai. Kai ba ka yanka katako sai ka gwada, ni ma haka. Me ka yi mata? Shekara tara kana ce mini "ba komai."

Ka gaida gwiwarka mai ciwo.

Autarku

*

Auta,

Bakinki bai canza ba. To, ji.

Ranar da ɗana ya kawo ta shago, ina goge ƙafar tebur. Na riga na yi fushi don ya yi aure bai shawarce ni ba. Ta durƙusa a cikin garin katako, da fararen kayanta, ta ce, "Baba, ina wuni?" Daga ji kin san ta sha haddarta. Ban ɗaga kai ba. Na ci gaba da guga har ta miƙe da kanta tana kaɗe gwiwa. Shi kuwa ya ce, "Baba, gaishe ka fa take yi." Na ce masa ya matsa, yana tare mini haske. Maganar ƙarshe ke nan da ta shiga tsakanina da ɗana.

Ina kewarsa, Auta. Babbar yarinyar da goshinsa ta zo, nakan ajiye aiki in yi ta kallon hoton. Ban san wacce ce tawa a cikin kalmomin naki ba, ina jin duka ne. Ki zaɓa mini.

Ki yi mini addu'a.

Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa. Ban zaɓa ba. Wasiƙarka na juya mata zuwa Turanci gaba ɗaya, ban rage ko harafi ba. In za ka yi faɗa, ka yi.

Ta kira ni jiya. Ta ce ba ta yafe ba tukuna, kada in yi maka ƙarya. Amma ana ba yara hutu ranar tara ga wata. Ta ce in gaya maka ka kwashe ƙusoshi daga ƙasa, ƙaramar ba ta yarda da takalmi.

Sai mun zo.

Autarku