Ragamar Dokin Ƙanƙara

Zuwa ga maigidana, Malam, a makwancinsa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina roƙon Allah ya sa wannan ta same ka cikin rahama. Mu nan Madarunfa lafiya lau, sai bazara da ta tsaya mana a ka. Tabki ya ja baya sosai, har shanu na kiwo inda masunta ke zuba taru da kaka.

Na san ba a aika wa mamaci takarda, kuma rubutuna bai wuce na ajin yaƙi da jahilci ba. Amma labari ya zo da sunanka a bayan ambulan, ba da nawa ba. Duk zamanmu ban taɓa barin saƙonka ya kwana a hannuna ba.

Tanimu ya rubuto. An yi gasar, sakamako ya fito.

Kafin in faɗa maka yadda ta kaya, ka yi haƙuri in koma baya. Akwai abin da na yi wa ragamar da ka kitsa masa ban gaya maka ba, kuma wata da watanni ke nan ina tsoron abin nan ya kashe shi.

Ka tuna ranar da ya fara zuwa rumfarka ta dukanci. Dogon Bature mai jan wuya, cikin masu gina rijiyoyin siminti da suka zo shekarar da ruwa ya ƙi, suna aiki daga Gabi har Sarkin Yamma. Toni ne sunansa, mutanen kasuwa suka mai da shi Tanimu, shi ma ya karɓa. Takalminsa ne ya tsinke. Kana ɗinki ya tsaya kallon hannunka, har ya manta motarsu na jiransa. Daga ranar duk Juma'a yana kan buzunka, yana shan furar da na dama, yana ɓata Hausa kana gyara masa.

Wata rana a zaure ya fito da hoto daga aljihu. Ka juya shi sama, ka juya shi ƙasa, ka miƙo mini ta bakin ƙofa ka ce in duba ko ni na ga inda kan mutumin yake. Tanimu ya yi dariya har da hawaye, sannan ya yi bayani. A ƙasarsu ta duwatsu, in sanyi ya kama, ƙasa duka kan zama ƙanƙara fara fat. Suna da wani ɗan gadon katako mai doguwar ƙafa biyu da aka yi wa baki da ƙarfe, su suna ce masa luj. Mutum ya kwanta a kai rigingine, ƙafafu gaba, ya sako daga kan dutse ta hanyar da masu itace ke bi, ba wadda aka gina ba, kwana bayan kwana, itatuwa dama da hagu. Wanda agogo ya nuna ya fi saurin isa ƙasa shi ya ci. Kai ka sa wa abin suna dokin ƙanƙara.

Ka tambaye shi ina birki. Ya ɗaga dugadugansa ya nuna maka. Ka tambaye shi da me ake juya shi. Ya ce da igiya guda da aka ɗaure a goshin ƙafafun biyu, hannu ɗaya na ja, ɗaya na dafa ƙanƙara. Sai ka ce, “Doki in ragama ta tsinke kana yi masa tsawa ya tsaya. Wannan katako ne, ba shi da kunne.”

Da ya ce in ya koma gida zai shiga gasar da mutanen ƙasashe ke haɗuwa, ka ce ba zai hau da igiyar kanti ba kana da rai. Ya tafi damina ba ta ƙare ba, ya bar maka adireshi a ƴar takarda.

Malam, na ga aikinka iri-iri, amma ban taɓa ganin ka ji tsoron fata ba sai a wannan. Sau uku kana mayar wa majema fatar jar akuya don ka ga tabon ƙaya da ni ban gani ba. Ka murɗa kiri siriri ka sa a tsakiya, ka yanka sili takwas ka fara kitsawa a kansa. In ka yi taƙi ɗaya sai ka ɗaura a turken rumfa ka rataya da duk nauyinka.

Kai da ba ka san ƙanƙara ba sai wadda ke faɗowa da ruwan farko, ka hau kamyo, babbar motar kaya, ka tafi Maradi da guntayen fata uku a aljihu, kowace da man da ka shafa mata. Ka roƙi wani mai kanti ya sa maka su cikin firigo su kwana biyu. A rumfa aka yi ta yi maka tsiya, wai baduku ya fara sanyaya fata kamar lemo. Ka dawo da fara'a ka ce mini, “Man gyaɗa kaɗan, a kan yatsa. Kada a ƙara komai.” Ba ka ce don me ba, ni kuma ban tambaya ba.

Ana cire gyaɗa tari ya kama ka. Saura kamu ɗaya a gama, hannunka ya fara rawa, silin na kuɓuce maka. Kwana biyu kana kallon ragamar. A na uku ka kira ni ka ce, “Ke ba makitsiya ba ce? Zo ki zauna. Kan amarya ne, sai dai wannan ba ya kuka.”

Na zauna a bakin gadonka. Kitson mata ana sassautawa in an ga mai kai ta murtuke fuska, kai kuwa ba abin da kake cewa sai, “Ja. Ƙara ja, Hajo. Ran mutum ne.” Yatsuna suka yi kanta. Da na gama ka bi ta da babban yatsa tun daga sama, ka zo inda hannuna ya karɓi naka ka tsaya, ka wuce. Ka shafa mata man gyaɗa da kanka. Ka ce, “Ba laifi.” Duk wanda ya zauna da kai ya san girman wannan kalma a bakinka.

Yanzu ga abin da na ɓoye.

Bayan azahar barci ya ɗauke ka, ragamar na kan cinyata. Ka san hannuna. Tun ina yarinya ban taɓa gama kitso na sallami kai a bushe ba. Ko shawara ban yi ba. Na jawo ƙoƙon man shanu na shafe ta kaf, na murza har ta sha, ta yi ƙyalli kamar sabuwar amarya. Sai da na rufe ƙoƙon maganarka ta faɗo mini. Na goge iya ƙarfina da bakin zane, na naɗe ta cikin tsumma, na ɗinke. Da ka farka ka ce a kawo ka ƙara dubawa, na ce ai an riga an ɗinke, kada a ɓata. Ka dube ni, ka ƙyale.

Ƙanenka Sale ya kai ta gidan waya a Maradi. Bayan kwana tara ka rasu.

Ina cikin takaba sanyi ya shigo. Wata safiya na je ɗebo man shanu in sa a ɗumame, na tarar ya daskare, cokali na ƙwanƙwasa shi kamar sabulu. Nan na zauna a ƙasa. Sanyin Madarunfa ke nan, wanda bargo ɗaya ke maganinsa. To ina ga ƙasar da ruwa ke zama dutse? A lokacin na gane abin da ka gano cikin firigo. Na ga ragamarka ta sandare kamar kara, na ga Tanimu ya ja ta a kwana ta karye, ga itace a gabansa.

Na aika Sale ya nemo adireshin in sa a rubuta masa kada ya hau da ita. Ashe a gidan waya ya bar takardar. Ya koma aka duba, babu.

Mata na shigowa gaisuwa su tarar ina kuka, su ce, “Haƙuri, Hajo, Malam ya yi kyakkyawan ƙarshe.” In ce na gode. Ka gafarce ni, rabin kukan ba naka ba ne, na wani Bature ne a kan dutsen da ban san sunansa ba. Duk Juma'a nakan soya ƙosai in ba da sadaka, ba wanda ya san don wa nake yi.

Shekaranjiya takardar ta zo. Da Faransanci take, sai Sale ya kira Mushe Haru, shugaban lekwal, wato makarantar boko, ya karanta mana a zaure. Bai buɗe baki ba na tare shi, na ce ya fara gaya mini rubutun hannun wa ne. Ya ce na Tanimu ne, ga sa hannunsa. Na ce ya dakata in sha ruwa.

To ga sakamakonka, Malam.

Mutane sun zo daga ƙasashe da dama. Sau uku kowa ke saukowa, a haɗa lokacin. Wani mutumin Italiya ya zo na ɗaya, kuma Tanimu bai yi masa rowar yabo ba, ya ce mutumin ya sauko kamar an zubo ruwa daga tulu. Na biyu ɗan ƙasar su Tanimu ne. Na uku abokinka. Tsakaninsa da na biyu, in ji shi, bai kai ƙiftawar ido ba. An rataya masa tagulla a wuya. Ya sako guntun jarida mai jerin sunaye, Mushe Haru ya ɗora yatsana a kan nasa. Daga ƙasa akwai wani jerin, na tambaya, ya ce na mata ne. Har mata suna hawa, Malam. Na daɗe ina kallon sunayen nan da ban iya faɗa ba. Kowace da uwarta, kuma ta kwanta a katako ta sako daga kan dutse ido buɗe. Allah ya yi masu zuciya a duniya.

Akwai hoto. Wannan karon na ga kansa ba sai an juya ba. Ya karkata har kafaɗarsa na shafar ƙanƙara, hannu ɗaya a ƙasa, ɗayan kuma riƙe da aikinka. Ya ce a rataya hoton a rumfarka inda masu tsiyar lemo za su gani.

Sai maganar mai. Kai ka yi gaskiya. Ya ce ranar da ya fara fita da ita ta sandare kamar sanda, har ya tsorata. Sai ya riƙa sa ta cikin riga a kan cikinsa, ba ya fito da ita sai an kusa kiran sunansa. Uwarsa ta hana shi shiga ɗakin girki da ita saboda ƙauri, karen gidansu kuwa ya bi shi har bakin dutse. Amma ranar gasa rana ta ɗan fito, ƙanƙara ta jiƙe, igiyoyin wasu suka sha ruwa suka daskare a hannunsu. Tasa ruwa bai kama ta ba. Sale ya yi dariya ya ce Yaya ya san aikinsa. Ni na sunkuyar da kai.

A ƙarshe ya yi tambaya. Ya ce akwai wata muguwar kwana ta hagu da ta zubar da mutane da yawa, a nan duk nauyinsa ya rataya a kamu na ƙarshe na ragamar, ta riƙe shi. Ya ce ya zauna gabanka ya isa ya san hannunka, kuma kitson wannan kamun ya fi ƙanƙanta, ba naka ba ne. Yana son ya san na wane ne. Yana kuma roƙon ka yi wa abokansa biyu irinta. Ya rufe da Hausarsa ta da, da haruffan boko: “Baba Malam, ina gajiya, ina fura.”

A nan Mushe Haru ya kasa ci gaba. Bai san ka rasu ba, Malam. Duk takardar da kai yake magana.

Jiya muka ba da amsa. Mushe Haru ya so ya yi mata ado irin na masu ilimi, na ce ya rubuta yadda na faɗa. A gaban Sale na faɗa. Na ce Malam ya rasu kwana tara bayan ragama ta tafi, kuma har ya kwanta dama yana tambaya ko ta isa. Na ce kamu na ƙarshe matarsa ce ta kitsa a gabansa. Man shanun ma ita ce, a bayan idonsa, shi ya hana, kada a ɗora masa. Abin da ya riƙe ka a kwanar nan kirin da ya murɗa ne a ciki, ni rufi kawai na yi. Ragama biyu kuma za a yi, Sale zai yanka sili ni in kitsa, amma ya sani ba hannun Malam ba ne, ya gwada su a tudu ƙarami kafin ya ba kowa.

Sale ya tashi ya tafi. Da yamma ya aiko da askarka a washe.

Saura kai. Man shanu kuskure ne, hannu ne ya riga hankali. Amma da ka ce a kawo ka duba na ce an ɗinke, wannan da sanina na yi, don kada ka ga na ɓata maka aikin ƙarshe. Ka nemi abu kana kwance na hana ka. Ban samu na roƙe ka kana ji ba, shi ya sa na rubuta. Ka yafe mini, Malam. Abokinka yana da rai, ya zo na uku, ragamarka ba ta tsinke ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya saka maka da alheri kan kowane ɗinki da ka yi tsakani da Allah ba mai gani. Ya kiyaye Tanimu da duk masu hawa dutsen nan, maza da mata, ya sauko da su lafiya wurin iyayensu. Ya haɗa mu a inda ba ciwo. Amin.

Ni ce matarka,
Hajo.