Hoton Ruwan Da Kika Aike Ni

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa in rana ta yi zafi, uwar 'ya'yana, abokiyar hirata,

Na san ƙanwarki ce ke karanta miki takardar nan. Ki ce mata ta daina ƙunshe dariya, ta karanta da ladabi, in ba haka ba babu tsarabarta.

Ga ni a tsakiyar daji, gindin magangarar ruwan da kika aike ni in ɗauko miki hotonta, amma wallahi zama ya gagare ni. Tun da na iso sama take zuba. Ruwan da muka sani fari tas kamar auduga ya koma jajir, yana ruri, yana jan laka da rassa. In na kafa kyamara a kan dutse, feshi ya rufe gilashin. In na goge, gajimare ya haɗiye rana. Na hau, na sauka, na zame a kan gansakuka har gwiwata ta kumbura. Mai gadin dajin ya ce in yi haƙuri, ruwan zai washe. Ina ni ina haƙuri, bayan likita ya ce aikin da za a yi miki zai iya gyara idon, zai kuma iya tafiya da ɗan ganin da ya rage?

Kin tuna zuwanmu nan muna sababbin aure? Kika cire takalmi, kika taka ruwan kina ihun sanyi, mayafinki ya jiƙe sharkaf. Sai ga bakan gizo ya tsaya a bayanki kamar don ke aka kafa shi. Ni kuwa na saki baki, kyamara na rataye a wuyana, har ya ɓace ban ɗauka ba. Shekaru kina yi min tsiya a kan haka. Ranar da aka sa lokacin aikin kuwa, babu tsiya a muryarki da kika ce, "Ni ba zan iya tafiyar ba. Je ka kawo min hoton ruwan nan in gani kafin su rufe min ido."

To na zo, ya farin watana, amma zuciyata ta ƙi biyo ni! Wa ke ɗiga miki magani da safe? Wa ke janye kujerar da yara ke bari a bakin ƙofa? Kowace sa'a da na ɓata ina gadin rana a nan, sa'a ce da idonki zai iya yi a kan fuskar 'ya'yanmu da tawa. Wannan tunanin ke hana ni cin abinci.

Direban da ke shiga gari zai tashi yanzu, shi zan ba wa takardar. Gobe da safe zan ƙara gwadawa. Ko ruwan ya yi fari ko yana nan ja, zan naɗe kayana in taho da abin da na samu. Ina roƙonki, ko sun ce za su matso da ranar, kada ki yarda a shiga da ke ɗakin tiyata sai na iso. Ki kalle ni tukuna, ki ƙoshi.

In Allah ya buɗe idon, da kaina zan kawo ki nan. In kuma ya ƙaddara duhu, ga hannuna, ba zai gaji ba.

Naki, a haske ko a duhu, har ƙarshen numfashina,
Mijinki.