Hoton Gwaggo Shatu Zai Tafi Hartum, Ita Kuwa Ba Ta Sani Ba

Inna Batulu, don Allah ki taimake ni, murna na neman ta jefa ni cikin rigima.

Ni malamar firamare ce a nan Gadarif. Tun ina yarinya nake son hotuna. A shagon Babanmu akwai wata tsohuwar kalanda mai hotunan ƙasashen duniya, da duwatsu masu ƙanƙara, da wasu tsuntsaye da ke tsayuwa kamar mutane sanye da baƙar kwat. Sai in zauna in yi ta kallo har a kore ni. Bara wani ɗan'uwanmu da ke aiki a Jidda ya kawo mini kyamara tsaraba. Tun daga nan ba wanda ya huta. Na ɗauki shamuwa bisa tarin riɗi a Fashaga, na ɗauki raƙuma a kasuwar Showak, har akuyar maƙwabta ta san ni.

To, wata cibiyar al'adu a Hartum ta yi shelar baje kolin hotunan dabbobi da ƙasashe da al'ummomin duniya, na aika nawa ba tare da na sa rai ba. Ranar Litinin ina cikin aji shugabar makarantarmu ta aiko a kira ni, wai ana nemana a waya. Inna, sun zaɓi hotona. Za a faɗaɗa shi ya kai girman ƙofa, a rataye tare da na mutanen Indiya da Barazil. Na fito ofis na rungume mai shara, na koma aji na ba yara hutu, na dawo gida na zuba gishiri a shayi.

Ga inda matsalar take. Ba na shamuwar suka zaɓa ba, na Gwaggo Shatu ne, ƙanwar Babanmu da ke noma a Ƙala'at an-Nahal. Lokacin girbi na je wurinta. Tana dafa wa ma'aikata abinci a gindin dutse sai wani ƙaton gwaggon biri ya sauko ya sure zangarniyar dawa a gabanta. Ta zabura ta bi shi da ludayi, mayafinta na tashi a iska, takalmi ɗaya ya fita, baki a buɗe, giɓinta a waje. Shi kuma ya waiwayo yana kallonta kamar zai ba ta haƙuri. A daidai nan na latsa. Bayansu ga dutse, ga gona ta yi ja har iyakar gani. Wallahi ko yanzu na tuna sai na yi dariya.

Ta san na ɗauka, amma ta ce hoton na cikin gida ne. Da na faɗa wa Yaya Kassim sai ya ɗaure fuska. Ya ce dama wasu ba su san mu da komai ba sai aikin gona, yanzu kuma zan kai musu tsohuwarmu tana tsere da biri. Ya ce kafin a rufe baje kolin duk Gadarif za a riƙa cewa an ga gwaggo biyu a hoto ɗaya. Na yi ƙoƙarin in riƙe dariyata, ta ƙwace, shi ya ƙara fusata shi. Ya rantse in hoton ya tafi ba zai sake taka gidana ba.

Masu baje kolin suna jiran amsata kafin ƙarshen wata. Wata zuciyar na ce mini in yi shiru, Gwaggo ba ta taɓa zuwa Hartum ba, ina za ta ji? Wata kuma na ce mini ita ta goya ni lokacin da Innarmu ta kwanta ciwo. Ina son hoton nan ya tafi, ba zan ɓoye miki ba, har na riga na zaɓi tufar da zan sa. Yaya zan yi?

Taki,
Mai Kyamara, Gadarif

Ke Mai Kyamara,

Mabruk, barka, 'yata. Ki yi murnarki, kin cancanta. Ba kowa ke da idon da zai ga abu da hannun da zai kama shi kafin ya wuce ba.

Amma ki cire batun yin shiru daga ranki. Direbobin lori da ke kai dawa Hartum suna da idanu kuma suna da baki. Labarin zai riga ki isa Ƙala'at an-Nahal, kuma in ta ji daga bakin wani, ba za ta ga hoto ba, za ta ga 'yar da ta goya ta mai da ita abin dariya. Ta ce na cikin gida ne, to har yanzu na cikin gida ne sai ranar da ta ce a fitar.

Yayanki bai yi ƙarya ba. Akwai masu kallon mutanenmu a wulaƙance, kuma kishin gwaggonsa ne ya sa shi magana. Inda ya kuskure shi ne da ya yanke hukunci a madadinta. Fuskar ba tasa ba ce, ba taki ba ce. Matar da ta bi biri da ludayi don kare gonarta ba ta buƙatar ku biyu ku zauna a Gadarif kuna yi mata tunani.

Ki wanke hoton babba, ki hau mota ranar Juma'a. Ki nuna mata ku biyu kaɗai, ba a gaban ma'aikatanta ba. Ki faɗa mata gaskiya duka, cewa baƙi za su gani, wasu za su yi dariya, har maganar gwaggo biyu kada ki ɓoye. Kada ki matsa mata da zumuɗinki, ki bari ta kwana da maganar.

In ta yarda, ki sa a rubuta cikakken sunanta a ƙasa, da cewa gonar da ake gani tata ce. Wannan zai amsa damuwar Kassim fiye da duk wata gardama, kuma ki bar ta ita ta gaya masa. In ta ƙi, ki roƙi masu baje kolin su karɓi na shamuwa. In sun ƙi, zai yi miki zafi, na sani, amma kyamarar na hannunki, kuma kin riga kin san za ki iya.

Abu ɗaya kuma. Ki tafi da fim sabo. Ki bar ta ta yi wanka, ta ɗaura mayafin da ta fi so, ta zauna inda ta zaɓa, ki ɗauke ta yadda take son jikokinta su tuna da ita. Wannan ki ba ta kyauta, ko ta yarda ko ba ta yarda ba.

Allah ya kai ki lafiya, ya sa ki dawo da albarkarta.

Inna Batulu