Usur da Ruwan Gishirin Auta

Litinin, 3 ga Maris
Takardar ƙungiyar alƙalan wasa ta iso. Gwajin gudu ranar 22. Zagaye goma sha biyu cikin rabin awa, da rana tsaka. Wanda ya faɗi shekara biyu a jere, ya ajiye usur. Ni bara na faɗi. A zagaye na tara jijiyar sha-raɓata ta ɗaure, na zube a ciyawa ina salati gaban mutanen da ni na koya musu riƙe tuta. Shekara ashirin da shida ina busa wasa. Ban shirya komawa benci ina zagin wani rafali ba.

Laraba, 5 ga Maris
'Yata Auta ta dawo daga asibiti da farin kayanta na nas, ta dire wani siririn gwangwani a tebur. Ƙwayoyi ne, a jefa ɗaya a gorar ruwa ta narke tana kumfa. Wai gishirin da gumi ke kwashewa take mayarwa jiki. Na ce ina da shuɗin lemona na 'yan wasa, tun ba a haife ta ba nake shan sa.

"Baba, naka sukari ne ya fi yawa, gishirin kaɗan ne." Ta ɗauko hular guduna ta nuna min farin zanen da ya zagaye ta. "Ka ga wannan? Gishirinka ne."

Duk shekarun nan na ɗauka sabulu ne mamarsu ba ta ɗauraye ba. Allah ya so ni ban taɓa faɗa ba.

Sai da ta gwada jinina kafin ta bar min gwangwanin. Yarinyar da na koya wa ɗaurin takalmi!

Asabar, 8 ga Maris
Alƙali ba ya hukunci bai ga wasa ba. Zan haɗa ƙwayar Auta da shuɗina karo: yau wannan, gobe wancan. Na ɗanɗana ta Auta. Kamar an matsa lemon tsami a ruwan hawaye. Katin gargaɗi tun minti na farko.

Talata, 11 ga Maris
Ranar shuɗi. Daɗi kam ba a magana, kuma yana ba da ƙarfi. Amma a zagaye na takwas baki ya yi danƙo, sha-raɓa ta fara yi min sallama. Na tsaya na yi kamar igiyar takalmi ce ta kwance.

Alhamis, 13 ga Maris
Ranar ƙwaya. Jijiya shiru, ko motsi. Sai dai ban karya ba na fita, a zagaye na goma ƙafafu suka zama na aro. Na dawo da murnata in kai ƙara.

"Ai ba abinci ba ce, Baba, sukarinta kaɗan ne. Ka ci ayaba kafin ka fita."

Wato kowanne da inda yake buga wasansa. Ban ji daɗin yadda take da amsar komai ba.

Lahadi, 16 ga Maris
Kai, yau na ga ta kaina. Ina da wasan tsofaffi, ni a tsakiya, abokina Mai Tuta a gefen layi. A ɗakin sauya kaya ya ce, "Yallaɓai, me ya yi zafi? Wannan sukari, wannan gishiri, haɗa su mana. Sa biyu ma, ai kai babba ne." Na jefa biyu cikin shuɗin. Ya taso ya wanke min farar safa, ragowar na shanye.

Minti talatin da fara wasa cikina ya busa nasa usur ɗin. Na tsayar da wasa kamar na ga laifi, na miƙa wa Mai Tuta agogo, na nufi bayi da gudun da in na yi shi ranar 22 na ci. 'Yan kallo har tafi suka yi min da na fito.

Mamarsu ta yi dariya har da hawaye. Auta kuwa takardar jikin gwangwanin kawai ta karanta min da ƙarfi: ƙwaya ɗaya, ruwa zalla rabin lita.

Laraba, 19 ga Maris
Ayaba biyu, ƙwaya ɗaya. Minti talatin da ɗaya. Saura ƙiris.

Juma'a, 21 ga Maris
Mamarsu ta goge min riga ba tare da na ce ba. Na wanke usur, na daɗe ina juya shi a hannu. Tsoro nake ji, gaskiya.

Asabar, 22 ga Maris
Minti ashirin da tara da daƙiƙa arba'in. Alhamdulillahi!

A zagaye na tara ina ta sauraron sha-raɓa, ba ta ce uffan ba. Sai na hango farin kaya a jikin wayar shingen fili. Auta ce, ta roƙi hutun awa ɗaya ta zo, tana ihu, "Baba, ɗaga ƙafa!" Dole na ɗaga.

Shugaban ƙungiya ya tambayi abin da ke gorata. Na ce ruwa ne. Ai ruwan ne, yawanci. Hukuncina dai canjaras: shuɗi na da ranarsa, in wasa ya yi tsawo. Ban ce kowa ya yi gaskiya ba.

Na raka Auta tasha. Kafin mota ta zo muka zauna a benci, na naɗe ƙafar wando na nuna mata gwiwar hagun nan da shekara biyu nake ɓoye wa kowa. Na tambaye ta ko abin damuwa ne. Ta daɗe tana latsawa. Ta ce Litinin ƙarfe tara, za ta jira ni a ƙofar asibiti.

Tambaya ce kawai na yi. Amma na rubuta ƙarfe taran.